Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Gumel sau biyu da sunan Abdulkarim

Heinrich Barth masanin tarihi ne da labarin ƙasa, ɗan ƙasar Jamus, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin tafiyarsa zuwa tsakiyar Afirka daga 1850 zuwa 1855. A cikin waɗannan shekaru ya ci tafiyar da ta haura mil 10,000, a kan raƙumi da doki da takarkari, daga Tarabulus zuwa Agadas, Katsina, Kano, Gumel, Kukawa, Yola, Sakkwato, Gwandu har Tambutu. Mutanen da ya zauna da su ba su san shi da Barth ba, Abdulkarim suke kiransa. Littafin da ya rubuta da ya koma gida, mujalladi biyar masu shafi kusan 3,500, har yau yana cikin abubuwan da mai binciken tarihin ƙasar Hausa da Barno a ƙarni na 19 ba ya iya tsallakewa. Ga mutanen arewacin Jigawa kuwa, littafin yana da wata daraja ta daban: ya ga Gumel tana tashen kasuwanci a 1851, ya kuma dawo ya same ta kusan kufai a 1854, ya rubuta duka biyun.

Tasowarsa da tafiyarsa ta farko

An haife shi a birnin Hamburg ranar 16 ga Fabrairu, 1821, ɗan wani ɗan kasuwa mai rufin asiri. Ya yi karatu a Jami'ar Berlin, inda ya zauna a gaban Carl Ritter, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin labarin ƙasa na zamani, ya kuma sami digirin digirgir a 1844 da bincike kan kasuwancin tsohon birnin Korinti na ƙasar Girka. Wannan ya kamata a riƙe, domin mutumin da ya fara aikinsa da tambayar me ake saye, me ake sayarwa, daga ina kaya suke fitowa, shi ne daga baya zai tsaya a kasuwar Kurmi yana ƙidaya.

Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya gaɓar tekun Bahar Rum shi kaɗai, da kuɗin mahaifinsa. Ya bi ta Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Libiya, 'yan fashi suka harbe shi suka kwashe kayansa a kusa da iyakar Masar, ya warke ya ci gaba. Ya hau kogin Nilu, ya tsallaka Sina'i, ya shiga nahiyar Asiya ta Falasɗinu da Sham da ƙasar Anadoli ta Turkiyya. A wannan tafiya Larabcinsa ya nuna, ya kuma koyi yadda ake zama da Musulmi. Littafin da ya fitar a kanta a 1849 bai yi kasuwa ba, haka kuma darussan da ya fara bayarwa a jami'a ba su tara ɗalibai ba. Yana cikin wannan hali aka ce Birtaniya tana neman masanin da zai raka wani ayari zuwa ƙasar Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara.

Ayarin mutum uku

Madugun ayarin shi ne James Richardson, Baturen Ingila mai fafutukar hana cinikin bayi. Na ukunsu Adolf Overweg ne, Bajamushe masanin duwatsu da taurari. Manufar Landan ba a ɓoye take ba: a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, a san hanyoyi da koguna, a ga yadda hajar Ingila za ta maye gurbin cinikin bayi. Sun tashi daga Tarabulus a Maris 1850, har da jirgin ruwa da aka yanka gida-gida aka ɗora wa raƙuma domin a shiga Tafkin Chadi da shi.

Tun kafin su fita daga hamada Barth ya kusa hallaka kansa. A kusa da Gat ya ɗauki gora ya tafi hawan dutsen Idinen shi kaɗai, dutsen da Buzaye suke cewa fadar aljannu ce, suka kuma gargaɗe shi kada ya je. Ya ɓace, ruwa ya ƙare, har ya tsaga jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya tsince shi. A ƙasar Azbin ya ware ya shiga Agadas a Oktoba 1850, ya halarci naɗin sarki, ya bar bayanin birnin da masallacinsa mai doguwar hasumiya. A hanyar nan ne ya fara tsintar Hausa daga bakin fatake da bayin Buzaye, don ita ce harshen ciniki har cikin Azbin.

A Janairu 1851, a ƙasar Damargu, mutanen uku suka rabu da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi Gobir da Maraɗi, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina. Sarkin Katsina na lokacin, Muhammadu Bello, ya riƙe shi kwanaki yana neman kyautar da ta dace da sarki, har sai da aka daidaita.

Kano a idon mai ƙidaya

Ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman. Ya iso da bashi a wuya, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. Duk da haka makonni biyar da ya yi a birnin sun haifar da babin da aka fi ambato a duk littafinsa. Ya hau dutsen Dala ya zana birnin, ya zagaya unguwanni a kan doki yana rubuta sunayensu. Ya kimanta mazauna birnin da 30,000, adadin da yakan kai 60,000 daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da fatake ke sauka.

Abin da ya fi burge shi shi ne saƙa da rini. Ya lissafa cewa tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Ya bi sawun turkuɗi da riguna na Kano zuwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Tambutu a yamma, da Barno a gabas. Ya lura cewa wannan masana'anta ba a cikin manyan gidajen injuna take ba irin na Turai, inda ma'aikata ke rayuwar ƙunci. A cikin gidaje ake yinta, iyali suna aiki ba tare da sun rabu da muhallinsu ba, a ƙasar da take noma hatsin da zai ciyar da ita. Duk wanda ya san yadda masaƙun Kano da Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya a 'yan shekarun nan zai karanta wannan shafi da wani abu a maƙogwaro.

Bai rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. Ya ga rumfunan da ake jera bayi, ya kimanta waɗanda ake fitarwa daga Kano da kusan 5,000 a shekara, ban da waɗanda ake saye domin aikin gida da rinji. Arzikin da ya yaba da wannan ciniki a kasuwa ɗaya suke.

Gumel, ƙofar Barno

Ya bar Kano a farkon Maris da ɗan ƙaramin ayari, ya bi ta Gezawa da Gabasawa zuwa Garki, garin ƙarshe na ƙasar Kano. Hanyar ba ta da aminci. Buhari, wanda Sakkwato ta tuɓe daga sarautar Haɗeja ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, yana tara dakaru yana kai hare-hare, kuma a shekarar ce ya ƙwace garinsa da ƙarfi. Daga Garki sai daji, daga daji sai ƙasar da ba ta bin Sarkin Musulmi.

Nan ne mai karatu na yau yake buƙatar ya ajiye taswirar da ya sani. A 1851 iyakar da ke da muhimmanci a wannan yanki ba wadda ke bayan Maigatari ba ce, wato tsakanin Nijeriya da Nijar. Iyakar tana kudu maso yammacin Gumel, tsakanin daular Usmaniyya da daular Barno. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar jihadi ba. Shehun Barno take kai wa gaisuwa. Tsohuwar hedkwatarta, Tumbi, yau tana cikin Jamhuriyar Nijar, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka dawo da fada inda take yanzu, 'yan shekaru kaɗan kafin zuwan Barth. Ɗan Tanoma ne a kan gado lokacin da baƙon ya iso, a shekararsa ta ƙarshe.

Barth ya sami Gumel cike da jama'a, lunguna a matse, Hausa ake ji ko'ina duk da cewa ƙasar Barno ce. Kasuwa tana wajen gari, da rumfuna kusan 300. Abin da ya riƙe kasuwar kanwa ce. Ya bayyana Gumel a matsayin babbar matattarar cinikin kanwa tsakanin Kukawa da Muniyo a gefe guda, da ƙasar Nufe a ɗaya gefen, ya kuma ce ya ga aƙalla kaya 1,000 a jibge ana ciniki. Bayanin da ya bayar na yadda cinikin ke tafiya shi ne ya fi amfani: Barebari ba safai suke wuce Gumel da kayansu ba. A nan suke sauke wa, fataken Hausa su ɗauka zuwa Kano, daga can wasu su wuce da ita kudu. A Kano ya riga ya kimanta cewa kanwar da ke ratsa birnin a shekara ba ta gaza kaya 20,000 ba, a kan takarkarai da jakuna da dawakin kaya.

Ke nan arzikin Gumel daga sauyin hannu yake fitowa. Duk inda kaya za su sauka daga bayan wata dabba su hau wata, akwai mai masauki da zai ci, akwai dillali da zai karɓi la'ada, akwai mai sayar da ciyawa da ruwa da tuwo, akwai kuma sarkin da zai karɓi kuɗin fito. Kanwa kuwa ba kayan ƙawa ba ce da za a ce an daina yayi: ana ba dabbobi, ana sa ta a girki, ana haɗa ta da taba, ana yin magani da ita. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ga shanu da raƙuma da tumaki sun sauko daga Nijar ana loda su a manyan motoci zuwa kudancin Nijeriya, ya ga tsarin nan da idonsa. Haja ta canza, iyaka ta matsa, amma aikin garin bakin iyaka bai canza ba.

A Gumel ne kuma wani Balarabe ya miƙa masa ƙunshin wasiƙu daga Turai, bayan watanni da yawa bai ji ɗuriyar kowa ba. A cikin ƙunshin akwai dalar azurfa biyu, kuma shi da kansa ya nuna cewa a halin da yake ciki kuɗin nan sun fi masa daɗin kalaman da ke cikin wasiƙun. Wakilin babbar daular duniya ke nan a kasuwar kanwa, yana murna da dala biyu.

A wannan zango ya rubuta cewa yana ban kwana da ƙasar Hausa, ya yabi fara'ar mutanenta da ƙwazonsu, ya kwatanta su da Barebari ta hanyar da ba ta yi wa Barebari adalci ba. Irin wannan hukunci na jimla a kan ƙabilu yana nan birjik a rubutun Turawan zamanin, kuma Barth, duk da ya fi yawancinsu sauraro, bai kuɓuta daga gare shi ba.

Daga Gumel ya bi ta Machina da Bundi. A hanya labari ya riske shi cewa Richardson ya mutu ranar 4 ga Maris a Ngurutuwa, tafiyar 'yan kwanaki kafin Kukawa. Ya ratse ya ziyarci kabarin, sannan ya shiga Kukawa ranar 2 ga Afrilu, 1851.

Shekarun Barno

Shehu Umar ɗan Muhammadu al-Amin al-Kanemi da wazirinsa Alhaji Bashir sun karɓe shi da kyau, kuma Kukawa ta zama masaukinsa na kusan shekara biyu. Daga nan ya yi tafiye-tafiye huɗu. Na farko zuwa Adamawa: ranar 18 ga Yuni, 1851 ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro, amma da ya isa Yola sai Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, saboda ya zo da rakiyar mutanen Barno da wasiƙun da suka tayar da rikicin iyaka. Rahotonsa a kan Binuwai ne ya sa Birtaniya ta turo jirgin ruwa mai tururi a 1854 ƙarƙashin William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther, tafiyar da ta tabbatar cewa shan kwinin yana kare Bature daga zazzaɓin da ya daɗe yana tsare musu hanya.

Na biyu zuwa Kanem tare da Larabawan Aulad Sulaiman, waɗanda sana'arsu hari ce. Na uku shi ne mafi muni: daga ƙarshen 1851 zuwa farkon 1852 shi da Overweg suka bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu. Yaƙin kama bayi ne tsagwaronsa. Barth ya ga an ƙone ƙauyuka da rumbuna, an kwashe mata da yara, an kuma sare wa maza baligai ƙafa an bar su jini ya ƙare. Ya rubuta duk wannan dalla-dalla, ya kuma yi wa waziri magana a kai. Hujjarsa ta bin rundunar ita ce ba wata hanyar ganin ƙasar, kuma sai an ga abu ake iya ba da shaidarsa. A Ingila masu adawa da bauta ba su karɓi wannan uzuri ba, kuma tambayar tana nan: mai shaida da ya ci abinci a sansanin maharan, ina matsayinsa?

Na huɗu zuwa Bagirmi, inda aka ɗaure shi da mari na 'yan kwanaki bisa zargin leƙen asiri. A Masenya ya haɗu da wani malami makaho Bafulatani, Faki Sambo, wanda ya yi karatu a Masar, suka riƙa hira kan Aflatun da Aristo da tarihin Andalus. A can ne saƙon Landan ya same shi cewa shi ne sabon shugaban tafiyar. Da ya koma Barno, Overweg, wanda ya riga ya zagaya tsibiran Tafkin Chadi a jirgin nan da aka ɗauko daga Tarabulus, ya mutu da zazzaɓi ranar 27 ga Satumba, 1852. Cikin mutum uku saura ɗaya.

Babban abin da Barth ya fitar daga Barno takardu ne. Ya sami jerin sarakunan Saifawa da littattafan Imam Ahmad ibn Furtu kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma na ƙarni na 16, ya aika da kwafinsu Turai. A lokacin da manyan masanan Turai ke koyar da cewa Afirka ba ta da tarihi, sai ga wani ya dawo da tarihin da 'yan ƙasar suka rubuta da hannunsu.

Sakkwato, Gwandu, Tambutu

A Nuwamba 1852 ya juya yamma. Ya bi ta Muniyo da Damagaram da Katsina, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello yana shirin fita yaƙi da Gobirawa, ya sami takardar izinin ciniki da aminci ga 'yan kasuwar Ingila. Ya zauna a Wurno da Sakkwato, ya karanta rubuce-rubucen Bello da na Abdullahi ɗan Fodiyo, ya kuma yaba da ilimin Malam Abdulƙadir ɗan Tafa. A Gwandu aka ba shi aron Tarikh al-Sudan, tarihin daular Songhai, ya kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya. Ya ɗauka Ahmad Baba ne marubucin. Daga baya aka tabbatar Abdurrahman al-Sa'adi ne.

Ya tsallaka kogin Kwara a Say a Yuni 1853. Daga nan ƙasar ta zama mai haɗari ga Kirista, don haka a wannan zango ya ɓoye addininsa, ya ce shi Sharifi ne daga gabas mai kai wa Shehu littattafai. A sauran tafiyarsa ba ya musun cewa shi Kirista ne, har muhawara yake yi da malamai. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853, asirinsa kuma bai daɗe ba ya tonu.

Sarkin Masina, Ahmadu ɗan Ahmadu, ya aiko daga Hamdallahi a kore shi ko a miƙa shi. Wanda ya tsaya masa shi ne Shehu Ahmad al-Bakka'i al-Kunti, jagoran Ƙadiriyya na yankin, wanda ya rubuta wa Hamdallahi hujjoji na shari'a cewa baƙon da ya shigo da aminci, daga ƙasar da ba ta yaƙi da Musulmi, jininsa da dukiyarsa haramun ne. Ya fitar da shi zuwa zangonsa a bayan gari, ya kira Buzaye su tsare shi. Akwai siyasa a ciki, don Shehun yana ganin Faransa na matsowa daga Aljeriya da Senegal, yana kuma fatan ƙawance da Ingila. Sai a Mayu 1854 Barth ya samu ya fita, Shehun da kansa ya raka shi har Gao.

Komawa ta Gumel

Ya iso Kano a Oktoba 1854 ya tarar an daɗe da yanke masa ƙauna. Labarin mutuwarsa ya kai Turai har an yi ta'aziyya a jaridu, kayan da aka ajiye masa a Damagaram kuma sun salwanta. Dole ya ci bashi a hannun fataken Gadamas da sharaɗin biyan ninki. Barno ma ta birkice a bayansa: a 1853 Abdurrahman ya ture ɗan'uwansa Shehu Umar, aka kashe Waziri Alhaji Bashir, sannan Umar ya dawo kan gado a 1854.

A ƙarshen Nuwamba ya sake shiga Gumel. Ɗan Tanoma ya rasu tun 1851, rikicin gadon sarauta ya biyo baya, aka yi yaƙi a cikin gida. Garin da ya bari cike da fatake ya same shi ya zama kusan kango, an washe fada an ƙone ta, jama'a sun watse. Tsakanin ziyarar farko da ta biyu shekara uku ce da wata takwas. Garin da ke rayuwa a kan sauyin hannu ba ya buƙatar fari ko annoba kafin ya durƙushe. Ya isa fatake su ji cewa hanya ba lafiya, su karkata akalarsu. Mutanen Maigatari sun ɗanɗana irin wannan a zamaninmu ta wata fuska, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin da aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A duka lokutan biyu an yanke hukuncin a nesa, kara da rumfuna suka biya.

Kwanaki kaɗan bayan ya bar Gumel, a cikin daji kusa da Bundi, ya yi kiciɓis da wani Bature a kan doki. Eduard Vogel ne, Bajamushen da aka turo ya nemi labarinsa. Suka sauka suka sha gahawa, suka yi hirar sa'o'i biyu, kowa ya kama hanyarsa kafin su sake haɗuwa a Kukawa. An kashe Vogel a Wadai a 1856. Barth ya bar Barno a Mayu 1855, ya tsallaka hamada ta Bilma da Murzuk a tsakiyar zafi, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta, ya sauka Landan ranar 6 ga Satumba.

Waɗanda suka yi tafiyar tare da shi

Ba shi kaɗai ya koma ba. Tare da shi akwai samari biyu da Overweg ya 'yanta daga bauta: Abbega, Bamargi, da Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram. A Ingila wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya zauna da Dorugu yana rubuta abin da yake faɗa, labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da abin da ya gani a Turai, aka buga su a littafin Magana Hausa a 1885. Wannan yana cikin zube mafi tsufa da aka rubuta da Hausar boko, kuma a cikinsa an juya madubi: Bahaushe ne yake kallon Turawa yana bayyana al'adunsu. Dorugu ya dawo gida, ya yi aikin tafinta, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Abbega ya zama sarki a Lakwaja. Akwai kuma Muhammadu al-Gatruni, mutumin Fezzan, wanda ya yi wa Barth hidima kusan tun daga farkon tafiyar har ƙarshenta. Yawancin hanyoyin da ke taswirorin Barth bai taka su ba. Alhazai da fatake da malamai ne suka lissafa masa zango-zango, kuma yakan ambaci sunayensu, abin da ba kowane matafiyi ke yi ba.

Ƙarshensa da abin da aka yi da aikinsa

Littafinsa ya fito da Turanci da Jamusanci a 1857 da 1858. Masana sun girmama shi, amma jama'ar Ingila sun fi son labaran David Livingstone masu sauƙin karatu, ga shi kuma Barth Bajamushe ne mai saurin fushi da zargin mutane. An ba shi lambobin yabo, ba a ba shi muƙamin da yake so ba. Ya koma Jamus, ya sake komawa Asiya a 1858, inda ya ratsa arewacin Anadoli daga Tarabzon zuwa gaɓar Istanbul, ya kuma zagaya yankin Balkan a shekarun da suka biyo. Tsakanin 1862 da 1866 aka buga tarin kalmomin da ya tattara na harsunan tsakiyar Afirka, ciki har da Hausa, Barbarci, Fulatanci da Zabarmanci na Songhai. Ya zama farfesa a Berlin a 1863, ya mutu ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Takardun da ya karɓo daga Kukawa da Sakkwato na ciniki ne da amincin matafiya, babu wanda ya miƙa ƙasa a cikinsu, kuma Barth ya mutu shekara 19 kafin taron Berlin na 1884. Amma taswira ba ta tambayar wanda ya buɗe ta. Lokacin da Ingila da Faransa suka ja layin farko tsakaninsu a 1890, daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, ilimin da Turai take da shi kan ƙasar da ke tsakanin wuraren biyu mafi yawansa daga Barth ya fito. An sake gyara layin a 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi shi suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Sarkin Gumel Ahmadu ya riga ya miƙa wuya ga Ingila a 1903. Layin ya bar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a gefen Ingila, ya bar Tumbi da Magarya da Damagaram a gefen Faransa. Jirgin ƙasan da ya isa Nguru a 1930, wanda ya ratsa ta Gagarawa, ya ɗauke sauran kayan da takarkarai ke dakonsu a hanyar Barno.

Masana tarihin Afirka na bayan 'yancin kai sun koma wa littafin da wata manufa, suna tsamo shaidar cewa kafin Lugard akwai dauloli da kotuna da kasuwanni da ɗakunan karatu. A 1962 A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da zaɓaɓɓun sassan da suka shafi Nijeriya a mujalladi guda, kuma a 1971 shi da Paul Newman suka fitar da labarin Dorugu da Turanci. A Agadas da Tambutu, gidajen da Abdulkarim ya sauka suna nan da allo a jikin bango ɗauke da sunansa.